Me Ya Sa Sunayen Fayiloli Ke Rikicewa Idan An Dawo Da Ajiya A Wata Kwamfuta?

Ofisoshin ikilisiyoyinmu da ƙungiyoyin ci gaban ƙauye da yawa suna ajiye bayanansu a kwamfuta. Sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, lissafin rumbun tsimi, kuɗin adashin zumuntar mata, jerin marayu da gwauraye da ake taimaka wa, hotunan rijiyar da aka haƙa, duk suna ciki. Mutane da dama sun riga sun koyi yin kwafin ko-ta-kwana, wato a kwafe fayilolin a filash ko faifai a ajiye a wani wuri dabam, saboda ɓarawo ko gobara ko lalacewar na'ura. Wannan al'ada ce mai kyau. Amma akwai wata matsala da ba ta nuna kanta sai ranar da aka zo dawo da ajiyar, musamman idan kwamfutar da za a zuba ta ba irin ta farko ba ce.

Sai a buɗe a ga fayil mai suna "Kuɗin ƙungiya" ya koma "KuÉ—in Æ™ungiya". Wani ya cika da alamar tambaya. Wani ya ƙi kwafuwa sam. Mai kula da ofis yakan tsorata, ya ɗauka cutar kwamfuta ce ta cinye aikin shekaru, har wani ya goge komai don haushi. Mafi yawan lokuta abin da ke cikin fayil ɗin yana nan lafiya lau, sunan ne kawai aka karanta ba daidai ba. Idan mun gane dalilin, za mu iya kauce masa, mu kuma gyara idan ya faru.

Kwamfuta lamba ta sani

Kwamfuta ba ta ajiye harafi kamar yadda alƙalami ke rubuta shi a takarda. Lamba take ajiyewa. Idan aka danna harafin A, lambar 65 ce ke shiga ciki. Ƙaramin k kuwa 107 ne. Lokacin da za ta nuna mana rubutun, sai ta duba wani jadawali da ke cewa lamba kaza ita ce harafi kaza.

Ku tuna da yadda ake kiran lambar waƙa a majami'a. Mai jagora yakan ce lamba 153, kowa ya buɗe littafinsa. Muddin littafi iri ɗaya ne a hannun kowa, murya za ta zo ɗaya. Amma idan baƙo ya zo da littafin wata ɗarika, zai buɗe lamba 153 ya tarar da wata waƙa dabam. Mai jagora bai yi kuskure ba, baƙon ma bai yi ba. Littattafan ne suka bambanta. Haka abin yake da sunayen fayiloli: kwamfuta ɗaya ta rubuta lambobi bisa jadawalinta, wata ta karanta su bisa nata.

Yadda jadawalin suka yi yawa

A shekarar 1963 aka fitar da jadawalin da ake kira ASCII a Amurka. Gurabe 128 ne kawai a cikinsa, kuma sun ƙunshi haruffan Turanci daga A zuwa Z, da lambobi daga 0 zuwa 9, da alamomi irin su aya da waƙafi. Har yau kusan dukan kwamfutoci da wayoyi sun yarda da waɗannan gurabe 128 ba gardama. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci da za ku riƙe a wannan bayani.

Da kwamfuta ta yaɗu, sai aka ƙara wasu gurabe 128, jimla ta zama 256. A nan aka rabu. Kamfanin IBM ya cika ƙarin da wasu haruffan Turai da guntayen layukan zana akwati a 1981. Microsoft ya yi nasa mai suna Windows-1252. Apple ma ya yi nasa. Rasha da Girka da ƙasashen Larabawa kowa da irin nasa. Lamba ɗaya tana iya zama harafi kaza a wannan jadawali, ta zama wani abu dabam a wancan. Jadawalin IBM da na Microsoft da na Apple ɗin nan, babu wanda ya ba haruffanmu masu ƙugiya wuri, wato ɓ da ɗ da ƙ, ko da yake tun shekarun 1930 ake buga littattafan Hausa da su.

A shekarar 1991 aka fitar da Unicode, babban jadawali da aka yi don ya ɗauki rubutun dukan harsunan duniya. A 2024 alamomin da ke cikinsa sun haura 150,000. Haruffanmu suna ciki: ƙ tana da lamba 409, ɓ tana da 595, ɗ tana da 599, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar tana da 436.

Sai dai kwamfuta tana ajiye bayani a ƙananan ma'aunai da ake kira bayit, kuma bayit ɗaya ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255. Don haka babbar lamba sai an raba ta. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar rabawa da ake kira UTF-8, wadda mafi yawan shafukan intanet ke amfani da ita. A wannan hanya, haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya suke ci, ƙ kuwa takan ci biyu: 198 da 153.

Yanzu ga inda ɓarnar take. Idan manhajar da ke dawo da ajiya ba ta san cewa UTF-8 ne ba, sai ta ɗauki 198 ta duba a Windows-1252 ta ga Æ, ta ɗauki 153 ta ga ™. Harafi ɗaya ya zama biyu, "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Haka ɗ, wadda take 201 da 151, ke komawa É—. Mutanen Japan sun sha fama da wannan ciwo har suna da suna dominsa, suna ce masa mojibake.

Kowace babbar manhaja da al'adarta

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Guda uku aka fi sani: Windows, da Linux, da ta kwamfutocin Apple da ake kira Mac. Wayoyin Android a kan Linux aka gina su. Kowace tana da yadda take riƙe sunan fayil.

Windows tana ajiye sunaye da Unicode tun 1993, a tsarin faifanta mai suna NTFS, amma da wata hanyar rabawa dabam da ake kira UTF-16 yanzu. Tana hana alamomi tara a cikin suna, su ne \ / : * ? " < > |. Tana kuma hana wasu sunaye irin su CON da PRN da NUL. Ba ta bambanta babban harafi da ƙarami, don haka "Rahoto" da "rahoto" suna ɗaya ne a wurinta. Ban da haka, manhajoji da yawa a Windows sukan kasa buɗe fayil idan sunansa tare da sunayen foldojin da yake ciki ya kai haruffa 260.

Linux ba ta damu da jadawali ba. Duk lambobin da aka ba ta a matsayin suna sai ta ajiye su yadda suke, har bayit 255. Injunan Linux na yanzu UTF-8 suke amfani da shi, amma tsofaffi da yawa an saita su a wani jadawalin Turai. Tana yarda da alamar tambaya da ɗigo biyu a cikin suna, kuma "Rahoto" da "rahoto" fayiloli biyu ne a wurinta.

Mac kuwa, a tsarin faifan da ta yi amfani da shi daga 1998, takan raba harafi mai alama gida biyu. Harafin é na Faransanci sai ta ajiye shi a matsayin e da alamar sama dabam. A ido kamanninsu ɗaya, amma lambobin sun bambanta. Apple ya kawo sabon tsari a 2017, amma tsofaffin ajiya suna nan da tsohon hali. Wannan bai taɓa ɓ da ɗ da ƙ ba, domin ba a raba su. Yana taɓa 'yan'uwa a Nijar da Kamaru da Chadi masu sa wa fayiloli suna da Faransanci, da masu rubuta Yarbanci da Igbo da ke da ɗigo a ƙarƙashin harafi. Akan ga fayil biyu masu suna ɗaya a folda guda, ko a nemi fayil da sunansa a rasa alhali yana nan.

A ina tangarɗar ke shiga?

Idan aka kwafi fayil kai tsaye zuwa filash daga kwamfuta ta zamani zuwa wata ta zamani, galibi haruffa masu ƙugiya sukan isa lafiya. Matsalar ta fi zuwa daga abin da ya shiga tsakani.

• Ƙunshin ZIP. Wannan hanya ce ta ɗaure fayiloli da yawa a ƙunshi ɗaya. An ƙirƙiro ta a 1989 bisa tsohon jadawalin IBM. Sai a 2006 aka ƙara mata wata alama da ke cewa sunayen da ke ciki UTF-8 ne. Wasu manhajojin ba sa sa alamar lokacin ɗaurewa, wasu ba sa duba ta lokacin kwancewa. A nan ƙ takan koma ╞Ö.

• Tsofaffin manhajojin ajiya. Waɗanda aka yi kafin Unicode ya yaɗu, idan suka ci karo da harafin da ba su sani ba, sai su sa ? ko _ a madadinsa.

• Faifan CD. Tsarinsa na asali na 1988 manyan haruffan Turanci da lambobi da alamar _ kawai ya yarda da su. Ƙarin da Microsoft ya yi masa a 1995 ya karɓi sauran haruffa, amma ya tsaya a haruffa 64. Dogon suna sai a yanke shi.

• Gajerun sunaye. Kafin 1995, a mafi yawan kwamfutocin Windows sunan fayil ba ya wuce haruffa 8 da wutsiya mai haruffa 3. Wasu manhajojin ceto fayil har yanzu gajeren sunan suke fitowa da shi, irin su RAHOTO~1.DOC.

• Tsofaffin salon rubutun Hausa. Kafin Unicode ya iso gare mu, an yi dabarar zana ƙ a gurbin q ko }, da ɗ a gurbin x ko ]. A cikin takarda yana fitowa daidai muddin salon yana cikin kwamfutar. Amma sunan fayil ba ya tafiya da salon rubutu, shi ya sa ake ganin "qasa" ko "}asa".

• Alamar hamza, wadda ke cikin "ma'aji" da "'yan'uwa". Iri-iri ce a kwamfuta. Wadda ake dannawa kai tsaye tana cikin gurabe 128 na farko. Amma manhajar Word takan mayar da ita mai lanƙwasa da kanta. Idan aka kwafo kan takarda aka sa a matsayin sunan fayil, sai wata rana a ga "maâ€™aji".

Ku gane irin ciwon kafin magani

Idan kun ga ɗan akwati fanko a gurbin harafi, yawanci sunan lafiyarsa lau. Kwamfutar ce ba ta da zanen harafin. A wata na'ura zai fito daidai.

Idan kun ga haruffa biyu ko uku baƙi a gurbin ɗaya, kamar Æ™ ko É— ko Ã©, lambobin suna nan, jadawalin karatu ne aka saɓa. Wannan yana gyaruwa.

Idan kun ga ? ko _ ko baƙar alama mai alamar tambaya a tsakiya, to a wannan kwafin an riga an zubar da harafin. Ba dabarar da za ta dawo da shi sai an koma ga ajiyar asali, ko wanda ya san sunan ya sake rubuta shi.

Inda haɗarin gaske yake

Mummunan suna abin haushi ne kawai. Amma akwai hanyoyi uku da yake jawo asara ta gaske.

Na farko, suna biyu su zama ɗaya. A ce akwai fayil mai suna "ƙari" da wani mai suna "ɗari". Manhajar da ba ta san haruffan ba za ta mayar da dukansu "_ari". Na biyun zai iya hawa kan na farkon ya shafe shi. Haka "Rahoto" da "rahoto" na Linux idan suka iso Windows. Wanda ke aikin, idan kwamfuta ta tambaye shi ko a maye gurbi, ya danna "e" ba tare da ya duba ba, fayil ɗaya ya tafi ke nan.

Na biyu, a tsallake fayil. A Mac ana iya sa kwanan wata kamar 12/03/2024 a cikin suna, a Linux ana iya sa alamar tambaya. Windows ba za ta karɓa ba. Wasu manhajojin sai su wuce fayil ɗin su ci gaba, su rubuta gargaɗi a wurin da ba kowa ke dubawa ba. A ga kamar an gama, alhali da saura.

Na uku, igiya ta tsinke. Jadawalin lissafi yakan ɗauko adadi daga wani fayil ta hanyar sunansa. Rajistar yaran da ake tallafa wa takan nemi hoton kowane yaro da sunan hoton. Da zarar suna ya canja, lissafin ya tsaya, hoton ya ɓata daga rajista, ko da yake yana nan cikin folda. Ranar da masu ba da tallafi suka nemi rahoto, ko jama'a suka nemi a karanta musu lissafin hatsinsu, ma'aji zai rasa abin nunawa, har a fara yi wa mai gaskiya kallon zargi.

Rigakafi

Ga abubuwan da kowane ofis zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba.

• Ku sa wa fayiloli suna da haruffan a zuwa z marasa ƙugiya, da lambobi, da karan ɗori ko alamar _ kawai. Wannan ba raina harshenmu ba ne. A cikin takardar, ku rubuta Hausa da dukan ƙugiyoyinta yadda ya kamata. Sunan fayil kamar lambar da ake rubutawa a jikin buhu ne don kowace tasha ta iya karantawa.

• Tun da cire ƙugiya na iya sa "ƙafa" da "kafa" su zama ɗaya, ku fara suna da kwanan wata, shekara a gaba: 2024-03-12_kudin-kungiya. Wannan kuma yana jera fayiloli bisa lokaci da kansa.

• Kada ku bambanta fayil biyu da babban harafi da ƙarami kaɗai.

• Ku gajarta suna, kada kuma ku yi ta cusa folda cikin folda har hawa goma.

• Kada ku taɓa wutsiyar suna, wato .doc ko .xls ko .jpg da ke ƙarshe. Ita ce ke gaya wa kwamfuta manhajar da za ta buɗe fayil ɗin.

• Idan za ku ɗaure fayiloli a ƙunshi, manhajar 7-Zip kyauta ce, kuma irin ƙunshinta mai wutsiyar .7z yana ajiye sunaye da Unicode. Da manhajar da aka ɗaure, da ita za a kwance.

• Ku sami littafi na takarda a ofis. Duk ranar da aka yi ajiya, a rubuta kwanan wata, da irin kwamfutar, da manhajar da aka yi amfani da ita, da yawan fayiloli. Ana ganin yawan idan aka duba bayanin folda.

• Ba a fafe gora ranar tafiya. Aƙalla sau biyu a shekara, ku ɗauki ajiyar ku gwada dawo da ita a wata kwamfuta dabam, ta makaranta ko ta asibiti ko ta ofishin gunduma. Ku ƙirga fayilolin, ku buɗe kaɗan ku gani. Idan akwai bayanan sirri na mutane, ku goge kwafin gwajin kafin ku tashi.

Idan abin ya riga ya faru

Ku kwantar da hankali, sauri ya haifi nawa. Kada ku goge komai, kada ku yarda a wanke filash ɗin ko faifan. Ajiyar asali ita ce shaida, sai a bar ta yadda take, a yi aiki a kan kwafinta.

Ku dawo da ajiyar a sabuwar folda fanko, ba a kan fayilolin da kuke aiki da su ba. Idan kwamfuta ta tambaya ko a maye gurbin wani fayil, ku zaɓi a riƙe duka biyun. Bayan an gama, ku kwatanta yawan fayiloli da abin da ke rubuce a littafin ofis.

Idan sunayen sun rikice, ku gwada kwance ƙunshin da wata manhaja. Idan bai yi ba, ku nemi kwamfuta irin wadda aka yi ajiyar da ita, ku dawo da fayilolin a can, ku sauƙaƙa sunayen, sannan ku kwafo su zuwa sabuwar. Wannan ita ce hanya mafi tabbas.

Idan fayilolin kaɗan ne, sakatare zai iya buɗe kowane ɗaya ya sake masa suna da hannu. Idan ɗaruruwa ne, sai a nemi mai gyaran kwamfuta. Ku gaya masa cewa matsalar jadawalin haruffa ce, ba cuta ba, ku nuna masa littafin ofis. A Linux akwai ƙaramar manhaja mai suna convmv da ke juya sunaye daga wani jadawali zuwa wani, kuma takan fara nuna abin da za ta yi kafin ta canja komai. Ku roƙe shi ya nuna muku wannan gwajin tukuna, kuma wani daga cikin kwamiti ya zauna tare da shi har a gama.

Bayanan da ke cikin kwamfutar ofis amanar jama'a ce. Gwauruwar da aka rubuta sunanta da manomin da ya kawo buhunsa rumbun tsimi sun dogara ga wanda ke riƙe da su. Sa suna mai sauƙi da gwada ajiya lokaci-lokaci suna cikin riƙon wannan amana.

Tambayoyi domin tattaunawa a kwamiti

• Waɗanne bayanai ne ƙungiyarmu ba za ta iya aiki ba idan suka ɓata? Kwafi nawa muke da shi, kuma a ina yake?

• Yaushe muka gwada dawo da ajiyarmu a wata kwamfuta? Wa ya ƙirga fayilolin?

• Shin muna da tsarin sa suna guda ɗaya da kowa ya sani, ko kowa yana yin yadda ya ga dama?

• Idan aka yi wa sakatarenmu canjin wurin aiki gobe, wanda zai gaje shi zai iya gane fayilolin daga sunayensu?